Tambarin Gidanmu

Zuwa ga Autarmu,

Sallama da gaisuwa irin ta wadda kewa ta dama. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ƴarki Takwarata. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ku da kwanciyar asibiti. Nan gida kowa na nan. Kunnen Baba ya ƙara nauyi, sai an ɗaga murya, amma wajen ci kam ba a magana. Babban ɗana ya samu aikin tuƙin da yake nema. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Duk sanda na ɗauko maganar jikina sai ki ce in daina mugun baki, ki koma labarin tsadar kaya, ni kuma numfashina yanzu ba ya kai ni musu da ke. Takarda dai ba ki da yadda za ki katse ta.

Ga yadda ake ciki. Aikin da aka yi min bara, da muka ɗauka ƙari ne irin wanda mata da yawa ke yi a mahaifa, ashe ba shi ba ne. Daji ne na naman mahaifar, irin wanda likitata ta ce takan daɗe ba ta ga mai shi ba. An cire mahaifar, amma ya riga ya yi gaba, yanzu yana huhu. Maganin da ake sa min a ƙarin ruwa ya cinye gashina da ɗanɗanon bakina, shi kuwa ko gezau. Aka canja wani, duk kanwar ja ce. Makon jiya likitar ta jawo kujera kusa da gadona, ta ajiye alƙalaminta, ta ce abin da ya rage shi ne su sassauta min zafi. Na gane karatun. Na lulluɓe keken ɗinkina da tsohon zani, na mayar wa mutane yadinsu.

Ba don ki yi kuka na rubuto ba, maganar ƙurajen nan ce. Wata rana ana neman jijiya a hannuna, likitar ta ga ƙananan ƙullutun da ke dantsena, masu zugi in an taɓa ko in sanyi ya buge su. Ta tambaya, ni kuwa baki har kunne na ce mata tambarin gidanmu ne, Kaka na da shi, Inna na da shi, Gwaggo ƙanwar Inna ma haka. Har na ba ta labarin yadda Kaka ke shafa dantsenmu tana cewa wadda ba ta da shi a kasuwa aka tsinto ta, ke kuma ki yi ta kuka don taki fatar sumul take. Likitar ba ta yi dariya ba, jinina ta sa aka ɗiba. Da sakamako ya fito ta ce wata ƙwayar halitta ce ta samu tangarɗa, ana gadonta daga uwa ko uba. Ƙurajen alamarta ce. Tana kawo ƙari a mahaifa tun da ƙuruciya, tana iya taɓa ƙoda, wani lokacin kuma ta zo da irin nawa. Sai na tuna zubar jinin Inna da muka ce wahalar haihuwa ce, da ciwon bayan da ya tafi da Gwaggo. Auta, shekara da shekaru ciwo yana nuna mana fuskarsa, mu muna yi masa kirari. Wallahi wannan ya fi huhun yi min zafi.

Hoton dantsen Takwarata da kika turo kina murna, wai ga shaida ke ma ƴar gida ce, na nuna wa likitar. Ta ce in dai shi ne, ta jikinki ya bi, ko da ke bai fito miki a fata ba. Na tambaye ta ko gwaji zai tserar da yarinyar. Ba ta yi min alkawari ba. Ta ce babu maganin da ke cire shi daga jini, sai dai a sa ido a kan mahaifa da ƙoda, a tare shi da wuri. Abin ba yawa, amma da babu gara ba daɗi, ni ko wannan ban samu ba. Babban ɗana ya yi gwajin, shi ma yana ɗauke da shi.

Na san kina tattalin hutunki don ki zo. Kada ki zo. Allah ya sani babu fuskar da nake son gani kamar taki, amma in kin zo ba abin da za ki tarar da za ki iya gyarawa. Ki ɗauki hutun ku je asibiti ke da ita, ki naɗe mata hannun riga da kanki.

Ki gaida maigidanki, da Kawu in kun haɗu, da surukarki mai yawan yi min addu'a. Baba yana gaishe ku, ban faɗa masa komai ba. Takwarata kuma ki ce mata ta yafe min, rigar da na yanka mata ba zan gama ba.

Taki har kullum,
Yaya