Tsiron Ƙeyar Giɗaɗo

Bunkure, ranar Asabar.

Zuwa ga uwata Baraka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana Sada. Yaya aikin asibiti? Mu nan sai godiya. Wayata ce ta faɗa kanal muna ba tumatir ruwa, shi ya sa kika ga takarda.

Wanda ya miƙo miki ita Giɗaɗo ne, mai shanun nan na bayan kanal. Kada ki ce ya cire hularsa a gaban mutane, rabin kansa kawai na aske.

Shekara ashirin da biyu ina yi masa aski duk Juma'a. Na fi shi sanin ƙeyarsa, tunda shi bai taɓa ganinta ba. Akwai tawadar Allah a bayan kunnensa, da can kamar ƙwayar gero, kullum sai in kewaye ta da aska. Tun damina ta fara sauyawa. Yanzu ta kai wake, gefenta ya karkace, jiya kuma ta yi jini alhali askata ba ta taɓa ta ba.

Ya ce in shafe masa ita. Kin san tsiron da na cire a garin nan ba ya ƙirguwa, na wuya da na hammata, shafa ɗaya mutum ya koma gonarsa. Amma wannan idona bai yarda da ita ba, sai na ƙi. Ya tashi da faɗa a gindin darbejiya, gaban jama'a, wai tsufa ya kama Sammani wanzami, hannu ya fara rawa. Ni kuwa na naɗe askata, na rantse ba zan ƙarasa askin ba sai likitan fata ya gan shi. Ya tafi wurin Baballe, ɗayan wanzamin garin nan, shi kuma ya ce ba zai ɗora aska a kan aikin wanda ya koya masa riƙonta ba.

Uwata, maganar ta ƙona mini rai. Yau gidaje biyu da na yi wa iyayensu askin suna sun kira Baballe. In likita ya ce ba komai ba ce, na san zabirata ta gama yawo a garin nan. Duk da haka ki kai shi, ki tsaya a kansa.

Mahaifiyarki tana gaishe ki.

Babanki,
Sammani.

Bunkure, bayan mako shida.

Uwata Baraka,

Ina fata kuna lafiya, zazzaɓin Sada kuma ya sauka. Allah ya yi miki albarka kan ɗawainiyar da kika yi.

Takardarki ta iso, na sa an karanta ta da ƙarfi a gindin darbejiya har sau biyu, ko da yake na iya karatu da kaina. Musamman wurin da likita ya ce gwaji ya nuna mugun tsiro ne, da an shafe samansa da saiwar ta ci gaba da cin ciki ba a sani ba, kuma an kama shi da wuri. Da wurin da ya tambayi wane ma'aikacin lafiya ne ya turo shi, kika ce babanki ne, wanzami. Nan muryar mai karatu ta gagare ni saurare, na shiga laluben abin da ban yar ba a cikin zabira.

Ku masu fararen kaya kun daɗe kuna yi mana kallon masu yankan ganganci. To ga shi, a duk aikina babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan da ban yi ba.

Jiya Juma'a, bayan an sauko masallaci, sai ga Giɗaɗo. Wurin cike yake, har da masu gidajen nan biyu. Ya zo ya tsaya a gabana. Ya cire hula, gefe ɗaya gashi ya yi tsawo, ɗayan yana biye da shi, ashe duk kwanakin nan bai bari kowa ya taɓa kansa ba sai inda likita ya yi aiki. Aka fashe da dariya. Shi kuwa ya zauna a kan tabarmata, ya juya mini ƙeya.

Na wasa aska, na ƙarasa askin da na fara. Da na zo kan tabon, na kewaye shi kamar yadda na saba, kowa yana kallon hannuna.

Ki gaida maigidanki.

Babanki,
Sammani wanzami.