Kwalbar Mai Lasifika

Daren Laraba, Gangaren Tudu

Wa ya ce duk abin da ya ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi alheri ne? Yau Inna ta sayo kwalba wajen mai tallar magani da lasifika a kasuwa, wai yana ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi, za ta ba ƙanwata Ladi. Yarinyar da aka sallamo daga asibiti kwana goma kacal, bayan ƙwayar cuta ta kumbura mata ƙwaƙwalwa. Har yanzu sai ta yi lalube kafin ta kamo sunana.

Na ce, "Inna, ajiye. Na karanta gwajin da ake yi da ɓeraye. In cutar ta shiga ƙwaƙwalwa, wani lokaci sojojin garkuwar jikin ne da kansu ke ɓarna garin yaƙi."

Ta ce, "To likitan waya, ƙanwar taka ɓera ce?"

Gaskiya ni ma ban gama ganewa ba. Amma kwalbar tana ƙarƙashin katifata sai likita ya gan ta.

Gobe zan tsaya a gaban motar mai maganin. Malam, kada ka kashe lasifikar nan. Me ka zuba a ciki, a kan wa ka gwada? Amsa, kasuwa ta ji!