Kofin Da Na Kasa Shiga Da Shi Gida

Madam Opal, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana.

Shekarata saba'in da ɗaya, kuma tun ina saurayi nake gasar farautar rakun, wata 'yar dabbar daji mai hawan bishiya, da karnuka a nan gabashin jihar Kentucky. Ba kashe dabbar ake yi ba. Mutum huɗu ne za su saki karnukansu a daji bayan faɗuwar rana, a tsaya a kasa kunne. Wanda ya ji karensa ya fara haushi a kan sawun dabbar sai ya kira sunan karen, alƙali ya rubuta maki. Duk gasar a kunne take, da gaskiyar mutum.

To ni kunnena ya fara mutuwa, tun kafin rasuwar matata Ardith bara. Ita kaɗai ta sani. A kulob ɗinmu na mafarauta in ana ba'a, sai na ga ana dariya nake yi.

Watan jiya aka haɗa ni rukuni ɗaya da Renita Combs, wata nas, mace ɗaya tilo a cikinmu, wadda maza suka daɗe suna tsokana wai karyarta Sadie ta fi dacewa da gadin kaji. Aka yi haushi can cikin kwari. Ban tantance muryar ba, na dai kira sunan karena Tuck. Alƙalin abokina ne na shekara talatin, bai ko tambaya ba. Da muka isa, Sadie ce a miƙe jikin bishiyar da rakun ya hau. Tuck sai daga baya ya ɓullo ta wani gefen daban, jiƙe da ruwan rafi. Na yi shiru. Da wannan makin na ci kofi. Renita ta miƙo min hannu ta ce, "Na taya ka murna, dattijo." Tun ranar ba ta sake zuwa ba.

Ni ma mako uku ke nan ban je karin kumallon da muke yi da 'yan kulob ranar Asabar ba. Kofin yana ƙarƙashin kujerar mota. 'Yata tana Ohio, a waya ma da ƙyar nake jin ta. Har yau wake da burodin masara na mutum biyu nake dafawa, Tuck ya cinye rabi. In na faɗi gaskiya za su ce in haƙura da gasa, kuma mutanen nan su kaɗai suka rage min. Ban sani ba ko ƙarya na yi ko kuskure. Wani lokacin kuma ina ganin na sani sarai.

Mai Tsohon Kare

Mai Tsohon Kare,

Kiran da ka yi yana iya zama kuskure. Shirun da ka yi a gindin bishiya ba kuskure ba ne, kai ma ka sani. Ban ɗauke ka mugu ba. Mutumin da ya rasa matarsa, jinsa na tafiya, dole ya riƙe abin da ya rage masa da hannu biyu. Amma ka dubi Renita. Ba kofi kaɗai ta rasa ba, an nuna mata cewa a wurin nan ko karyarta ta yi daidai, na tsofaffin hannu ake rubutawa.

Wurinta za ka fara zuwa, da ƙafarka, da kofin. Ka ce mata, "Sadie ce ta yi haushin, na gani kuma na yi shiru." Zancen kunne ya biyo baya, kada ya zama uzuri. Tana iya ƙin karɓa, haƙƙinta ne. Daga nan ka sami alƙalin a gyara sakamako a gaban kowa.

Sai likita, a gwada maka na'urar ƙara ji. Kulob ɗin da rabin mutanensa suka haura sittin, ina tabbatar maka ba kai kaɗai ke dariya a makare ba. In kunnen bai gyaru ba, ka nemi a bar wani ya riƙa kiran Tuck, kai ka bi su da tocilarka. 'Yarka kuma ka rubuta mata, ta cancanci ta sani.

Ka tafi wurin Renita gobe da safe, kafin ka sake shawara. Allah ya sa ta buɗe maka ƙofa, ya ba ka lafiya.

Opal