Numfashin da Ba Ya Kumfa

Litinin, 3 ga Maris

Madalla da ilimi. Sun ƙero wata na'urar nutso da ke sayar wa mutum numfashinsa sau biyu: ka fitar, ta tace, ta mayar maka. Duk zamana a kasuwar La Ceiba ina cusa wa mutane kifin jiya da sunan na yau, ban kai ta wayo ba. Injiniya Xiomara ta ce ni zan gwada musu ita a zurfin teku, in na iya aikin ya zama nawa. Sharaɗinta ɗaya, kada iska ta fita, don ita suke aunawa.

Talata, 4 ga Maris

Shiru. Ashe haka ƙasan teku yake in ba ka cika shi da gurnanin tukunyar iska ba. Shuɗin yana ta duhu kamar yamma ta ƙi ƙarewa. Wani kunkuru ya zo ya leƙa fuskata, bai ɗauke ni baƙo ba. Na manta da sunana, kuma ban neme shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Kawu Eleuterio ya ɓata gwaji. Tun ina saurayi ina nutson jatan lande shi ke bin kumfata a kwale-kwale, inda ta yi nan zai yi. Yau ya dubi ruwa bai ga komai ba, ya yi ta fizgar igiyar da ke ɗaure da ni har na hauro. Injiniya ta nuna masa allonta, wai ga bugun zuciyata nan. Ya ce shi bai taɓa ceto mutum da talabijin ba.

Da muna cin soyayyar ayaba na ce ya tsufa, ya koma gyaran raga. Ya ce, "Ɗan nan, ranar da babanka ya tafi, haka ruwan ya kwanta."

Asabar, 8 ga Maris

Na yi mafarki ina ƙasa, kwale-kwalen yana yawo a sama kamar gajimare, yana nema.

Laraba, 12 ga Maris

Igiya ba ta motsa ba yau. Sai dai Injiniya na ta zare ido, wai iska na zurarewa jefi-jefi, ko dai na'urar ce ko ni, gobe za ta gwada wani mai nutso. Na ce ni ban ga komai ba. 'Yar kumfa ce nake saki ta hanci, lokaci-lokaci, in na hango inuwar kwale-kwalen.

Kawu ya sayo mini kofi.

Wai akwai dokar da ta hana mai nutso mura?