Hayaƙin Bayan Katangarmu

Akwatia Line, Kumasi
Watan Afrilu

Zuwa ga 'yata Ruwaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da aiki, da zaman Akra. Mu nan da sauƙi, in ban da Mmanki da tarin nan ya ƙi saki. Na rubuto ne maimakon in kira, don kunnena ya yi nauyi, kuma a waya kina katse ni kafin in kai ƙarshen magana.

Allah ya sa albarka a aikin da kika samu a sashen shari'a na hukumar kula da muhalli. Matan danginmu sun zo gidan nan sun yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni ban yi murna irin tasu ba, kin kuma san dalili. Irin kujerar da kike kai yanzu na zauna a kanta tun gashina yana baƙi. Na shiga da digirin lauya da sabuwar kwat, ina jin da alƙalamina zan tsare rafukan ƙasar nan. Na fito da fansho da ciwon baya. A tsakani na rubuta ƙararraki da alƙalai suka yaba Turancinsu, sannan suka ɗage zama, suka sake ɗagewa, har mai laifi ya je Makka ya dawo ya aurar da jikokinsa.

Mmanki ta ce an miƙa miki fayil ɗin Alhaji Jibirin, mai narka tsofaffin batiran mota a bayan katangarmu. Tun tafiyarki ya ƙara tukwane. Da hantsi hayaƙin ke tashi, fari-fari, mai barin ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Mmanki Lariba ta daina shanya a tsakar gida. Ta daina sayar da koko a ƙofa, don masu saye sun ce yana warin batir. Likita ya ce dalma ce ta shiga jininta, hayaƙin kuma yana cin ƙirjinta, magani ba zai yi komai ba muddin tana shaƙarsa. Ya ce mu tashi daga gidan. Ta ce masa a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta yi wa uwata wankan ƙarshe, wanda ya kawo wutar shi ya kamata ya tashi.

Ko dai a rufe wurin nan, ko Mmanki ta bar gidanta, ko kuma abin da ba na son rubutawa. Kin ce kin sanar da shugabanki cewa gidan ubanki ne ke jikin wurin, ya ce ba shi da wani lauyan da zai ba. Na yarda haka ya ce. Ki dai yi sauri, tun yana kan wannan maganar.

Mmanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita.

Ni ne mahaifinki,
Masahudu

*

Akwatia Line
Watan Yuni

'Yata Ruwaida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan ruwan da ake yi bai dame ku ba. Mu ya shigo mana zaure, amma ya fita. Jikin Mmanki yana nan yadda kika bar shi.

Sammacin da kuka aiko wa Alhaji Jibirin ya iso, unguwa kuma ta ɗauka. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na dawo na tarar da takalma jere a ƙofar zaure. Liman ne, da wakilin sarkin unguwa, da dattawa, Alhaji Jibirin a can bayansu ya sunkuyar da kai. Na sa a kawo kujeru, suka ƙi, suka zauna a ƙasa. Kin san Liman ya girme ni nesa, shi ya raɗa miki suna. Da na gan shi a ƙasa ina tsaye, sai ni ma na zauna.

Sun ajiye goro a gabana, naɗe cikin ganye. Wakili ya yi dogon bayani: samari da yawa a wurin nan suke samun abinci, Alhaji ne ya yi wa masallaci rufi, kuma ya yi alkawarin ƙara wa bututun hayaƙin tsawo. Na ce musu ƙarar ba tawa ba ce, ta gwamnati ce, ni ba ni da ikon janye ta, ke ma ba ki da shi. Suka ce sun sani. Sai Liman ya ɗago ya ce, “Masahudu, ba wurin lauya muka zo ba. Wurin ɗanmu muka zo.”

Duk wannan ana yi Mmanki tana tari a bayan labule, kowa yana ji. Ita ce ma ta aiko musu da ruwan sha.

Ke kin yi karatu a waje da unguwa, wataƙila ki ce me ya hana in mayar musu da goronsu. Ban taɓa ganin wanda ya mayar wa Liman goro a zaurensa ba. Wanda ya yi haka, da wace fuska zai tsaya a sahu gobe, su wa kuma za su ɗauki gawarsa? Na karɓa, na ce na ji. A wurinmu wannan ladabi ne kawai, ba alkawari ba ne. Amma sa'ad da hannuna ke kan ganyen na ga wani daga cikin mutanen Alhaji ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Na yi aikin nan da daɗewa, na san inda hoton zai je. Ina ofis an sha yi mini haka da iyayen wasu, ina zaginsu a zuci ina cewa jahilai ne.

Ki shirya wa abin da zai biyo baya. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Masahudu

*

Akwatia Line
Watan Satumba

Ruwaida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Saƙonki ya iso, na kuma gane a cikinsa kin yi kuka, ko da ba ki faɗa ba.

Kin ce an karɓe fayil ɗin daga hannunki saboda kusancinki da maganar, an mayar da ke sashen shirya tarurruka. Ba su gaya miki yadda zaman kotun ya kasance ba, to ni na je. Na hau motar haya ta trotro, na isa kotun na zauna a bencin baya. Wanda suka turo a madadinki a nan cikin kotu yake buɗe fayil ɗin yana neman shafi. Lauyan Alhaji ya miƙe ya ce maƙwabta sun zauna, manyan unguwa sun shiga tsakani, ana sulhu a gida. Ya miƙa hoton. Alƙali ya duba, ya yi murmushi, ya ce abin da ake so ke nan a tsakanin jama'a. Ya ɗage zama ba tare da sa rana ba. Na miƙe zan yi magana, ɗan sandan kotu ya nuna mini in zauna. Yana da gaskiya, ba ni cikin masu ƙara. Na san dokar, na taɓa koyar da ita.

Alhaji ya cika alkawarinsa. Ya ɗora tsohuwar ganga a kan bututun. Yanzu hayaƙin yakan ɗan hau sama kafin ya sauko mana. Dattawa suna gaishe ni da fara'a a masallaci, har an fara ba ni wuri a sahun gaba.

Kin tambaye ni ko ki ajiye aikin. Ban sani ba, 'yata. Da na san amsar da na ba kaina ita tun ina da ƙarfi. In kin tafi, wani zai zauna a kujerar yana neman shafi. In kin zauna, ga ni nan, kin ga yadda ake ƙarewa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ranar Talata numfashin Mmanki ya ɗauke tana alwala. Mariyama maƙwabciyarmu ce ta taimaka muka kai ta asibiti. Ta farfaɗo, an sallame ta, amma likita ya ce in ta ci gaba da kwana a gidan nan kada mu sake kawo masa ita. Ta yarda za ta zo wurinki. Ni zan zauna, gida ba ya zama babu kowa.

Ta tambaye ni yaushe za ta dawo. Na ce mata da zarar kotu ta sake zama. Shi ya sa ta haɗa kaya kaɗan a ƙaramar jaka, zannuwa da carbi da magungunanta, kamar mai zuwa suna. Ki zo ranar Asabar ki ɗauke ta, kada ki gyara mata maganar da na faɗa. Ki taho da babban akwati ki bar shi wurin Mariyama. In Mmanki ta shiga mota, ni zan zuba sauran kayanta a cikinsa ba tare da ta gani ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ni ne Babanki,
Masahudu