Kakata Ta Mayar da Aikina Majanyi

Anti Shafa'atu, don Allah ki taimake ni, na rasa yadda zan yi. Ni mai ɗaukar hoto ce. Hotunan matan ƙauyenmu nake ɗauka, in gyara a kwamfuta, a buga mini a farin yadi, sannan in bi da allura da zare in yi ado da hannu. Kakata ce ta koya mini ɗinkin, tana yi tana cewa hannuna sai ka ce na maƙeri.

Wanda na fi so shi ne hoton hannayenta tana sussuka. Na daɗe a kansa har idona ya yi ja. An zaɓe shi don wani baje koli da za a yi a Abuja, sai na je ƙauyenmu Ketare in nuna mata. Ina miƙa mata ta ɗauka tsaraba ce. Ta yi guɗa, ta sa mini albarka, ta aika a kira maƙwabta. Wallahi haka na baro mata shi.

Yanzu da shi take goya jaririn yayata, har ya sha wanki. Lokacin baje kolin na matsowa. In na karɓe, za a ce na yi kyauta na ƙwace, kuma ban san da wane ido zan dube ta ba. In na bari, damar ta wuce. Ina son tsohuwar nan, amma ina ganin zanen a bayanta sai ƙwalla.

'Yar Ketare

'Yata, sai da na yi dariya kafin na tausaya miki. Wahalarki gaskiya ce, kuma irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Amma kakarki ba ta yi laifi ba. A ƙauye, wanda ya zo daga birni ya miƙa yadi, tsaraba ya kawo. Kuma tsohuwa ba ta goyo da zanen da ta raina.

Kada ki aika a ɗauko miki a ɓoye. Ki je da kanki, ki zauna kusa da ita, ki gaya mata mutanen Abuja na son ganin hannayenta, aro kike nema, za ki dawo da shi. Kada ki gyara inda ya koɗe; ki gaya wa masu bajen dalili. In ta hana, hoton na nan a kwamfutarki, ki sake bugawa, ki roƙe ta ta kama miki ɗinkin.

Yadi dai ana sake buga shi, amma kaka ɗaya gare ki. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa albarka a hannuwanku ku biyu.