Ƙorafi Kan Ƙurar Injin Tsoho da Idon Ɗiyata

Daga: Lirwanu Haris, Tungar Dodo
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Duba-gari, Anka
Ranar 14 ga Mayu, 2009

Game da: Ƙurar injin niƙan dutsen zinari da ke jikin katangata

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ni manomi ne, aji huɗu na tsaya. A yi haƙuri da rubutuna.

1. Ranar 2 ga Maris maƙwabcina Tsoho ya kafa injin niƙan dutse a bayan ɗakinmu. Tun daga ranar, matata Sahura tana goge kwanukan jerenta sau uku a yini. Yanzu ta bari.

2. Ranar 20 ga Afrilu na kai magana gaban mai unguwa. Ya saurare ni da kyau, ya ce ƙura ba ƙara ba ce a wurinsa, kowa cikinta ya girma. Na yi godiya na tashi.

3. Ranar Lahadi da ta wuce ina gyaran galma na ji shirin kimiyya a rediyo. An ce a can nesa, inda ake haihuwar taurari, wani tauraro kan fashe da hasken da suka kira gamma, wanda rana ba ta kai ko kusa da shi ba. Na'ura takan ji fashewar, amma hasken da ke biyo baya, wanda ido ke gani, sai ya iso duniya a dusashe, ja-ja, wani ma ba ya isowa sam. An ce ƙurar da ke wurin ce ke shanye shi a hanya. Da yawan dusashewar masana ke gane yawan ƙurar. Ban gane duka ba, amma wannan na riƙe.

4. Sai na gwada. Da azahar, in injin na aiki, ina duban rana daga tsakar gidana ba ƙiftawa, ja take. Daga gidan Inna mahaifiyata, a ƙarshen gari, fara ce, ba ta dubuwa. Kwana uku na yi ina zuwa ina dawowa, haka ne.

5. Ɗiyata Muhsina shekara biyu gare ta. A ƙasan nan take wasa, hannu a baki. Sau biyu ta yi jijjiga a watan nan. Da, in na shigo, idonta na biye da ni har in zauna. Yanzu sai na yi magana take juyowa.

Ba ni da faɗa da Tsoho, abincinsa yake nema, tare muke sallah. Roƙona a matsar da injin bayan gari, a turo mai duba yarinyar, da sauran yaran layinmu.

Ranka shi daɗe, su masanan ba su iya zuwa wurin taurarin, shi ya sa suke auna ƙurar daga nesa. Mu daga Anka zuwa nan awa ɗaya ce a mashin.

Allah shi ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Lirwanu Haris